Hawaye a fadar shayi: Abin da fim da tatsuniya ke yi wa ƙwaƙwalwar ɗan Adam

Daga wakilinmu a Gure

Bayan sallar isha'i, a wata fada da ke gefen babbar hanyar da ta ratsa garin Gure ta nufi Diffa, matasa bakwai ne suka haɗa kai a kan salula guda. An jingina ta da gwangwanin sukari, butar shayi kuma tana kan gawayi babu mai kula ta.

Fim ne mai dogon zango daga Kano. An kai wurin da matar uba ta ɗora wa marainiya satar da ba ta yi ba, uban kuma ya hau kan maganar matarsa ya zauna. Ɗaya daga cikinsu, ɗan kabu-kabu da ya wuni a rana, ya yi tsaki ya ja Allah ya isa. Na kusa da shi ya kau da kai yana murza ido. Da aka fara yi masa tsiya sai ya ɗora wa hayaƙin gawayi laifi.

Duk cikinsu babu wanda bai san wasa ne ba. Sun san sunan jarumar na gaskiya, wasunsu ma suna bibiyarta a TikTok, sun kuma san da zarar an kashe kyamara za ta share hawaye su ci abinci tare da matar uban nata. Amma sanin hakan bai hana ransu ɓaci ba.

Wannan tambaya ce da ta daɗe tana damun masana. A 1975 wani masanin falsafa ɗan Ingila, Colin Radford, ya rubuta maƙala yana tambayar yadda za a yi mai hankali ya ji tausayin Anna Karenina, macen da ba ta taɓa rayuwa ba sai a cikin littafin Leo Tolstoy. A ganinsa akwai rashin daidaito a cikin lamarin. Shekaru bayan haka, da na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suka samu, sai masu bincike suka fara leƙa abin da ke faruwa a cikin kan mai kallo da mai sauraro. Abin da suka gano ya shafi kowane gida da ake rigimar kallo a cikinsa, daga Gure har zuwa ɗakunan 'yan ci-rani a Sabha da Tamanrasset da Legas.

Garin da ya saba da labari

Gure na da nisan kimanin kilomita 160 gabas da birnin Damagaram, a tsakanin duwatsun Muniyo da tuddan rairayi. Tsohuwar hedikwatar masarautar Muniyo ce, wadda matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya yada zango a cikinta a ƙarshen 1852. Mangawa da Hausawa da Tubawa da Fulani da Buzaye da Larabawa duk suna haɗuwa a kasuwarta, kuma da yawa daga masu kallon finafinan Hausa a garin ba da Hausa suka fara magana ba a gidajensu.

Tun kafin zuwan salula mutanen yankin sun saba da labari. Da dare kakanni kan tara jikoki a tsakar gida a yi ta Gizo da Ƙoƙi, ana kuma hana yara tatsuniya da rana. Mai ba da tatsuniyar kan rufe ta da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, wato kowa ya san ƙirƙira ce, amma yaron da ya ji labarin Dodo ba ya yarda ya zaga bayan ɗaki shi kaɗai a daren.

Ware dare domin labari ba al'adar Hausawa kaɗai ba ce. Wata masaniyar al'adu, Polly Wiessner, ta nazarci hirarrakin mutanen Ju/'hoansi na hamadar Kalahari, ta wallafa sakamakon a 2014. Ta gano cewa da rana kashi 6 cikin 100 ne kawai na hirarsu labari, akasarin sauran maganar abinci ce da ƙorafi da barkwanci. Da dare kuwa, a gaban wuta, labari ne ke cinye kashi 81 cikin 100.

A zamanin mulkin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun mayar da wasan kwaikwayo babban abin nishaɗi da faɗakarwa a Nijar. Ƙungiyar gidan rediyon Damagaram, wadda Yazi Dogo ya yi fice a cikinta, ta shahara har wata Ba'amurkiya mai suna Janet Beik ta rubuta littafi a kan wasan kwaikwayon Hausa na Nijar a 1987.

Sai kuma finafinan Indiya, waɗanda 'yan kasuwa 'yan Labanan suka fara kawowa gidajen silima na arewacin Najeriya tun shekarun 1950. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya bayyana a 1997 cewa Hausawa sun rungume su ne saboda sun ga damuwarsu a ciki: auren dole, soyayyar talaka da 'yar mai kuɗi, da tsayawa tsakanin biyayya ga iyaye da zaɓin zuciya. Mutane sun yi shekaru suna kuka a kan finafinan da ba sa jin yarensu, tun kafin a fara fassara su zuwa Hausa.

Jiki na riga tunani

Masana sun ce abu na farko da ya kamata a gane shi ne ƙwaƙwalwa ba ta da wani sashe na daban da ta ware domin labarin ƙirƙira. Kayan aikin da take amfani da su wajen fahimtar rayuwa, su take ɗaukowa idan an kunna fim.

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, wanda binciken Joseph LeDoux na Jami'ar New York ya nuna rawar da yake takawa wajen gane haɗari. Yana iya sa zuciya ta buga, jiki ya zabura, tun kafin sashen da ke auna abu ya gama tantance ko macijin ne ko tsumma. Haka abin yake idan mugu ya ɓullo da wuƙa a bayan jaruma: kafin mai kallo ya tuna cewa wasa ne, gabansa ya riga ya faɗi.

Ko hoto ma ba dole ba ne. A 2006 wasu masu bincike a Sifaniya sun sa mutane karanta kalmomi irin su kirfa da tafarnuwa a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, sai aka ga sassan da ke kula da jin ƙamshi sun motsa, alhali babu komai a gaban hancinsu. A 2009 kuma Nicole Speer da Jeffrey Zacks na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun nuna cewa idan mai karatu ya zo wurin da mutumin cikin labari ya ɗauki wani abu ko ya sauya wuri, sassan ƙwaƙwalwarsa masu alaƙa da motsin hannu ko gane wuri su ma sukan motsa. Wannan ne ya sa ɗan Gure da ke aikin gini a Libiya, in ya karanta labarin da aka ambaci turaren wuta ko miyar kuka da daddawa, yakan ji kamar an buɗe masa ƙofar gidansu.

Batun tausayi kuwa, binciken da aka fi ambata shi ne na Tania Singer da abokan aikinta a Landan a 2004. Sun gayyaci masoya 16 tare da abokan zamansu. Aka sa matan a cikin na'ura, wani lokaci a ɗana musu lantarki mai ɗan zafi a hannu, wani lokaci kuma a nuna musu alamar cewa mazan ake ɗana wa. Sassan da ke faɗa wa mutum daidai inda ciwo yake a jikinsa ba su motsa ba sai lokacin da matar ce aka taɓa. Amma sassan da ke sa mutum ya ji ɗacin ciwon a ransa sun motsa a duka biyun.

Ke nan ɗan kabu-kabun da ya ja Allah ya isa bai ji zafin marin da aka yi wa marainiyar a kumatunsa ba, amma ɓacin ran da ya ji na gaske ne, daga inda na rayuwa ke fitowa shi ma ya fito.

Singer ta sake wani gwajin a 2006 da ya shafi mugaye. An sa mutane wasan kuɗi da wasu da suka yi musu adalci da wasu da suka cuce su, daga baya aka nuna musu ana ɗana wa kowanne lantarki. A wajen maza, alamar tausayi ta ragu ƙwarai idan macucin ne ke shan wuya, har sashen da ke da alaƙa da jin daɗin lada ya motsa. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo lokacin da asirin mugu ya tonu ya san irin sowar da ake yi.

Dalilin da ya sa kallon taro ya fi daɗi

A 2004 Uri Hasson, wanda yanzu yake koyarwa a Jami'ar Princeton, ya sa mutum biyar kallon rabin awa na wani tsohon fim ɗin kaboyi, kowa shi kaɗai a cikin na'ura. Da aka kwatanta hotunan sai aka ga manyan sassan ƙwaƙwalwarsu suna tashi suna sauka a lokaci guda, kamar masu bin kiɗa ɗaya. A 2010 shi da abokan aikinsa suka gwada da labarin baka, suka ga ƙwaƙwalwar mai sauraro tana bin sawun ta mai ba da labari, kuma gwargwadon yadda suka daidaita, gwargwadon yadda mai sauraron ya fahimci labarin.

Abin bai tsaya a kai ba. Wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda Lucas Parra na New York da Jacobo Sitt na Paris suka jagoranta, ya auna bugun zuciyar masu sauraron wani littafin Jules Verne da ake karantawa. Zukatansu sun riƙa sauri da lafawa a wurare iri ɗaya na labarin. A wani gwajin na binciken kuwa, da aka ɗauke wa mutane hankali da lissafi, sai daidaituwar ta ragu.

To me ya sa mutum zai kashe kuɗinsa ya sayi abin da zai sa shi kuka? Robin Dunbar na Jami'ar Oxford ya gwada amsa wannan a 2016. Ya sa mutum 169 kallon wani fim mai ban tausayi kan rayuwar wani marar galihu, wasu 68 kuma suka kalli shirye-shiryen ilimi da ba su da sosa rai. Kafin kallo da bayansa, an auna tsawon lokacin da kowa zai iya jure tsugunno da bayansa jingine da bango, kamar mai zama a kujerar da babu ita. Waɗanda suka kalli fim mai ban tausayin juriyarsu ta ƙaru da kusan kashi 13 cikin 100, ta sauran kuma ta ɗan ragu. Masu kallon sun kuma ce sun ji kusanci da waɗanda suka yi kallon tare, duk da cewa ba su san juna ba.

Dunbar ya danganta hakan da endofin, sinadarin da jiki ke saki domin rage raɗaɗi, ko da yake ta hanyar juriyar ciwo ya auna shi, ba kai tsaye ba. In haka ne, fadar da ta yi kuka tare kan fim ta ƙara ɗanƙon zumunci ke nan ba tare da ta sani ba.

Abokan da ba su san da kai ba

Ranar 1 ga Janairun 2007 jarumi Ahmad S. Nuhu ya rasu a haɗarin mota, a Disambar 2014 kuma Rabilu Musa Ibro ya riga mu gidan gaskiya. A duka lokutan biyu mutanen da ba su taɓa ganinsu ido da ido ba, a Najeriya da Nijar, sun yi ta yi wa juna ta'aziyya kamar ɗan uwa aka rasa.

Tun a 1956 wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka bayyana wannan irin alaƙa mai gefe ɗaya: mai kallo ya saba da fuska da muryar wanda yake gani kullum har ya ɗauke shi aboki, shi kuwa wancan bai ma san da zamansa ba. Shi ya sa lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina na Aminu Saira aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, muhawara ta kaure a shafukan sada zumunta kamar an sauya wa mutane 'yar uwa. Shi ya sa kuma 'yan wasan da suka saba fitowa a mugaye kan sha zagi daga waɗanda suka kasa raba mutum da rawar da ya taka.

Ga 'yan ci-rani wannan alaƙa tana da wani amfani. Wani bincike da Jaye Derrick da Shira Gabriel na Jami'ar Buffalo suka wallafa a 2009 ya nuna cewa mutane kan koma ga shirin da suka fi so idan kaɗaici ya dame su, kuma ko tuna shirin kawai yana rage musu jin an ware su. Saurayin da ya bar Gure shekara uku, in ya kalli kashin wannan mako na Izzar So ko Daɗin Kowa, yana jin Hausa a kunnensa, ya kuma samu abin da zai tattauna da ƙannensa idan ya kira gida. Sai dai masu binciken ba su ce hakan na maye gurbin mutane na gaske ba. Jarumin fim ba zai kai ka asibiti ba in zazzaɓi ya kayar da kai a baƙon gari.

Sai mako mai zuwa

Dabarar yanke labari a daidai inda ya ɗauki zafi ta girmi YouTube nesa ba kusa ba. Da ita Shaharzad ta tsira da ranta a Dare Dubu da Ɗaya. Da labari kuma akun nan na Magana Jari Ce, littafin Abubakar Imam da ya fara fitowa a 1937, ya riƙa tsare ɗan sarki Musa a gida dare bayan dare don kada ya faɗa tarkon waziri.

Binciken Wolfram Schultz a kan birai ya ba da haske kan dalilin da ya sa dabarar ke ci. Ya gano cewa jijiyoyin da ke sakin sinadarin dofamin sukan harba tun lokacin da dabba ta ga alamar lada na tafe. A wani gwaji na 2003 kuma, shi da abokan aikinsa sun ga motsin jijiyoyin a lokacin jira ya fi ƙarfi idan ba a da tabbas, wato idan samu da rashi sun yi kunnen doki. Za ta aure shi ko ba za ta aure shi ba? Gawar wa aka tsinta? Marubucin fim mai dogon zango a kan wannan rashin tabbas yake cin abinci.

Mai kallo kuwa shi ke biya. Yana biya da 'yan dalolin da yake kai wa masu tura finafinai ko ya sayi data da su, yana kuma biya da barcinsa. Wani bincike na 2017 a kan matasa 423 'yan shekara 18 zuwa 25, wanda Liese Exelmans da Jan Van den Bulck suka gudanar, ya gano cewa masu yawan jera kashi bayan kashi a zama ɗaya sun fi fama da rashin barci mai kyau da gajiya, saboda ko sun kashe kallon, kansu na ci gaba da juya labarin. Ɗalibin da zai shiga aji ƙarfe takwas da ɗan kabu-kabun da zai hau titi da sassafe su ne ke ɗaukar wannan nauyi.

Gyara yake yi ko ɓatawa?

Wannan ce muhawarar da ta fi zafi tsakanin iyaye da malamai da 'yan fim. A Kano an kafa hukumar tace finafinai a 2001. A 2016 gwamnatin tarayyar Najeriya ta janye shirin gina ƙauyen finafinai a jihar bayan malamai sun yi masa ca. A watan Mayun 2025 kuma hukumar ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa zargin sakinsu ba tare da an kai mata ta duba ba.

Binciken masana ya ba kowane ɓangare abin kamawa. A 2000 Melanie Green da Timothy Brock na Jami'ar Jihar Ohio sun ba ɗalibai labarin wata yarinya da mai taɓin hankali ya kashe a cibiyar kasuwanci. Waɗanda labarin ya fi tafiya da hankalinsu sun fi amincewa da abin da yake nunawa, har da cewa ya kamata a ƙara tsare masu taɓin hankali, kuma sun fi kasa ganin kurakuran da ke cikinsa. An gaya wa wasu cewa labarin gaskiya ne, wasu kuma aka ce ƙirƙira ne, amma hakan bai sauya sakamakon ba.

A 2003 Elizabeth Marsh da abokan aikinta sun cusa bayanan ƙarya a cikin gajerun labarai, daga baya suka yi wa masu karatun jarrabawar ilimin yau da kullum. Da yawa sun maimaita ƙaryar a matsayin amsa, wasu har suna cewa tun da can sun san haka. Idan fim ɗari suka nuna cewa kowace kishiya tana da boka, kowace uwar miji muguwa ce, mai taɓin hankali kuma abin tsoro ne ko abin dariya, yarinyar da za a kai gidan miji tana iya shiga da zargin da babu wanda ya yi mata laifinsa tukuna.

Amma ta wannan ƙofa alheri ma ke shiga. Abhijit Banerjee, wanda ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, tare da Eliana La Ferrara da Victor Orozco, sun gwada shirin MTV Shuga a kan matasa sama da 5,000 a kudu maso yammacin Najeriya. Bayan wata takwas, waɗanda suka kalli shirin sun ninka sauran wajen zuwa gwajin cutar ƙanjamau, kuma tasirin ya fi ƙarfi a wajen waɗanda labarin ya fi kama su.

A Ruwanda, bayan kisan kiyashin 1994, an fara wani wasan kwaikwayon rediyo mai suna Musekeweya a 2004 kan ƙauyuka biyu masu gaba da juna. Elizabeth Levy Paluck ta bi masu sauraronsa tsawon shekara guda, ta wallafa sakamakon a 2009. Shirin bai sauya abin da kowa ya yi imani da shi a zuciyarsa ba sosai. Abin da ya sauya shi ne yadda suke ganin abin da jama'a ta yarda da shi, kamar auratayya tsakanin ƙabilu da fitowa fili a faɗi saɓanin ra'ayi, kuma hakan ya bayyana a halayensu. A rukuni-rukuni suka riƙa sauraro suna tattaunawa, kamar dai yadda ake yi a fada.

Gwamnatoci ma sun san wannan ƙarfi. Tashar Arewa24 mai shirya Daɗin Kowa ta fara aiki ne a 2014 da tallafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, a wani yunƙuri na yaƙi da tsattsauran ra'ayi lokacin da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari.

Sai dai ba duk abin da aka ce bincike ya nuna ne ya tabbata ba. A 2013 mujallar Science ta wallafa wani bincike da ya ce karanta ɗan guntun adabi mai zurfi na ƙara wa mutum iya karanta zuciyar wasu nan take. Labarin ya zaga duniya, amma da wasu masana suka maimaita gwajin a 2016 ba su samu wannan sakamako ba. Haka kuma akasarin gwaje-gwajen na'urar ƙwaƙwalwa a kan mutane ƙalilan aka yi su, mafi yawansu a Turai da Amurka.

Inda haɗarin ya fi yawa

Fim dai yana zuwa da sunansa na fim, tatsuniya kuma da kanta take faɗin cewa ƙarya ce. Labarin da ya fi wuyar sha'ani shi ne wanda ke shigowa ta WhatsApp da muryar wani da ke rantsuwa cewa a gabansa aka yi: wata ƙabila ta yi kaza, allurar rigakafi ta kashe ɗan wane, ko wane ya tsallaka teku wata shida ya gina gida. Irin waɗannan saƙonni suna da jarumi da mugu da abin tausayi, kuma sassan ƙwaƙwalwar da marainiyar fim ta motsa su suke motsawa. Binciken Green da Brock ya nuna cewa lokacin da labari ya fi tafiya da mutum, lokacin ne ya fi kasa ganin gibin da ke cikinsa. Don haka saƙon da ya fi tayar maka da hankali shi ya fi cancantar ka dakata, ka tambayi wa ya faɗa, a ina, yaushe, kafin ka tura wa wani.

Ga iyaye kuma akwai wani bincike daga Barazil da aka wallafa a 2021. Guilherme Brockington da abokan aikinsa sun raba yara 81 da ke kwance a sashen kulawa ta musamman na wani asibitin Sao Paulo gida biyu. An karanta wa rukuni ɗaya labarai na kusan rabin awa, ɗayan kuma aka yi musu kacici-kacici. Duka sun samu sauƙi, amma a wajen 'yan labari sinadarin kotisol mai alaƙa da damuwa ya fi sauka, oksitosin mai alaƙa da shaƙuwa ya fi hawa, ciwon da suka ce suna ji ma ya fi raguwa. Mutum ne zaune a gefen gadon yana ba su labarin, irin zaman da kakanni ke yi da jikoki a tsakar gida, wanda yanzu a gidaje da dama salula ta karɓe.

A fadar bakin hanya, kashin ya ƙare a daidai lokacin da uban ya ɗaga hannu zai kori 'yarsa daga gida. Aka yi ta gardama: wasu na ganin uban ne babban mai laifi tunda bai bincika ba, wasu na cewa sharrin matar ne ya fi ƙarfinsa. Daga nan hira ta gangara kan wata yarinya ta gaske a unguwarsu da ke zaune a hannun matar uba, da ko akwai wanda ya taɓa tambayar yadda take.

Sai a lokacin mai dafa shayin ya tuna da butarsa, ya tarar ruwan ya kusa ƙonewa. Ya ƙara wani, ya mayar kan wuta, mai salular kuma ya tashi neman inda zai yi caji.